Zango a Kan Tsauni

Masu riƙe da tarihin Kontagora sun ce sunan garin umarni ne da aka bayar a bakin tafiya. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya iso wurin da jama'arsa bayan shekaru yana yawon yaƙi, sai ya ce a kwantar da gora, wato kowa ya sauke goran ruwan da ke rataye a kafaɗarsa, tafiya ta tsaya a nan. “Kwanta gora” ya bi bakin mutane har ya koma Kontagora, kuma daga 1864 nan ne mazaunin Sarkin Sudan. Ke nan babban birnin wannan yanki, da fadarsa da barikinsa da kasuwarsa, ya faro ne daga yammacin da waɗansu gajiyayyun mutane suka sauke kaya a fili, suka nemo itace, suka hura wuta.

Wanda ya bi hanyoyin ƙasar nan daga Rijau zuwa Mashegu zai gaji da karanta allunan da suka fara da Tunga: Tungan Magajiya, Tungan Kawo, tungan wane da tungan wane. Tunga wuri ne da mutum ya tsaya ya ƙi yin gaba, shi ya sa har yau idan doki ya turje, ko mutum ya kafe a kan maganarsa, ake cewa ya ja tunga. Manomi ya taso daga Sakkwato ko Zamfara ko Katsina yana neman ƙasa mai albarka, ya samu fili, ya kafa bukka da niyyar damina ɗaya. Baɗi ya dawo da ƙanensa, wata shekarar da iyali, sai ga masallaci na zana, sai ga rijiya, sai ga mai unguwa. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Mashegu, inda garin Sahon Rami yake, haka suka tsiro.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne hotunan da ke yawo a wayoyinmu, na mutanen Turai da Amurka da suke goya jaka su hau tsauni mai nisa, su kafa tanti a wani ɗan fili da babu lantarki babu famfo, su kwana cikin sanyi don ra'ayin kansu. Na sha jin ana cewa wannan aikin ƙoshi ne, al'adar waɗanda ba su san wahala ba. Ban yarda ba. Da wuya a samu al'ummar da ta san kwanan fili kamar tamu, kuma harshenmu ne shaida.

Babbar kalmarmu a wannan fage ita ce zango. Daga bakin fatake ta fito, kuma ba a gane nauyinta sai an tuna yadda ayari yake tafiya. A ƙarni na 19 hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja tana cin watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayenta. Su fita da kanwa da tufafin saƙi da jar fata da gabu, su dawo da goro daga kasuwar Salaga. Waɗansu su haye Kwara ta Ilo ko Yawuri, waɗansu su gangaro ta wannan ƙasa tamu su haye a wajen Busa, su ratsa Bargu, su bi ta Nikki da Jugu har Yandi. Bature Clapperton, da ya bi ta nan a 1826, ya ci karo da ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanen sun haura dubu, dabbobin ma kamar haka. Da ya haye Kwara kuma ya daɗe a Kulfo, kasuwar da fatake ke haɗuwa a wancan zamani.

Mutum dubu da dabba dubu ba sa kwana a daji da ka. Madugu ke da ayari, shi ke yanke ranar tashi bayan malamin ayari ya duba. Jagaba yana gaba, shi ya san rafin da ke da ruwa a wannan wata da wanda ya ƙafe, shi ke zaɓen wurin sauka. Uban dawaki ke tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya. Ana tashi da asuba tun rana ba ta yi zafi ba, a sauka kusan azahar don dabbobi su samu kiwo kafin duhu. Da an ya da zango kuwa, sabon aiki ya tashi. A sauke mangala da waga, a jera kaya a tsakiya, a yanko ciyawa da ƙirare a kafa 'yan bukkoki kewaye da su, a kai jakuna da takarkarai turke, mata su ɗora tukwane a kan murhun dutse uku. Mai goro shi ne ƙarshen hutawa. Sai ya kwance huhu, ya tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran, ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa da ganyen fita. Da dare a raba gadi, kowa da lokacinsa, babu attajiri babu yaron ayari a wajen tsoron kura da ɓarawo.

Daga wannan rayuwa kalmar ta ɗauko fuska biyu. Zango wuri ne, inda aka sauka. Zango kuma tazara ce, abin da ke tsakanin sauka da sauka. Idan Bafatake ya ce gari kaza zango uku ne daga nan, ya auna maka hanya da ƙarfin jaki mai kaya da nisan ruwa da ruwa, awon da ya fi mil da kilomita faɗin gaskiya ga mai tafiyar ƙasa. Fatauci da jaki ya wuce, kalmar ba ta bi shi ba. Ɗan makaranta yana da zangon karatu, gwamna yana neman zango na biyu, 'yan jarida suna maganar makami mai cin dogon zango. A duk inda ta shiga tana riƙe da amanar da fatake suka ba ta: an tsaya, amma akwai sauran tafiya. Mai zango bai isa ba tukuna, ya dai sauke kaya. Shi ya sa masu wa'azi suka same ta a shirye da suka so su gaya mana matsayin duniya.

Waɗansu sun sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu, waɗansu Kete-Karachi, inda Malam Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934, waɗansu Kumasi, waɗansu Ankara ta Gana, inda Sabon Zango take har gobe. A Lome da Kwatano ma akwai unguwar Zango. A Gana kalmar ta zama sunan kowace unguwar baƙi Musulmi, ko Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bamoshe, har a 2017 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikatar da ke ɗauke da sunan Zango. Abin alfahari ne, amma akwai ɗaci a ciki. Mutumin da aka haifi kakansa a unguwa, har yanzu ana kiran unguwar da sunan masaukin dare ɗaya, kamar ana tuna masa cewa da safe zai ɗaura kaya. Mu ma a gida mun ɗanɗani wannan ɗaci. Muna da Zangon Daura da Zangon Aya lafiya lau, amma a rikicin Zangon Kataf na 1992, a ƙarƙashin rigimar sauya wa kasuwa wuri, tambayar da ke ci ita ce wane ne mai gida, wane ne baƙo, kuma shekara nawa mutum zai yi kafin zangonsa ya zama garinsa.

Zango yana da ɗan'uwa mai rataye da takobi, shi ne sansani. Bida daga sansani ta girma, Wushishi ma haka, kuma can arewacin Togo akwai Sansanin Mango, wanda sunansa bai ɓoye asalinsa ba. A nan dole mai rubutu daga wannan ƙasa ya faɗi abin da ba kowa ke son a tuna ba. Ranar da runduna ta kwantar da gora, waɗansu mutane nasu goran suka ɗauka. Kambari da Kamukawa da Gwarawa da Dakarkari sun sha hare-haren kamen bayi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, a zamanin Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Wanda ke da dutse kusa, dutse ya hau. Doki ba ya hawan fā, mahayi kuwa in ya sauka daga sirdi ya zama daidai da kowa, kuma wanda ke sama yana hango ƙura tun daga nesa, yana da kibiya da duwatsun gangarowa. Mutane suka kai rumbunansu sama, suka yi ganuwar dutse, suka riƙa sauka noma da rana suna komawa da dare. Hausawa ma sun yi hakan da abin ya zo kansu: Malam Hamza da almajiransa, da suka saɓa da sarautar Kano a wajejen 1846, duwatsun Ningi suka nufa, kuma daga can aka gagara taɓa su shekaru da dama.

Da zamani ya sauya aka sauko, waɗansu da son ransu don gona da ruwa sun fi sauƙi a ƙasa, waɗansu da matsin Turawa masu son a zauna inda mai karɓar haraji zai isa. Aka bar kufai a sama: ramukan niƙa da hannu ya lotsa a jikin fā, sakaina da katangar dutse da ta zube. Abin da ya sauko tare da su, ya shiga bakin kowa, shi ne tudun-mun-tsira. Yau ana faɗinsa ga wanda ya samu aiki bayan dogon zama, ko ƙasar da 'yan gudun hijira suka isa. A asali ba kwalliyar magana ba ce. Tudu ne na gaske, wanda mace ta hau da goyo a baya da ƙwarya a ka, tana haki, ta waiwaya ta ga ambaliya ko dawaki sun tsaya a gindi.

Saboda haka Bahaushe bai gaji hawan dutse don nishaɗi ba. A wurinsa dutse ko mafaka ne, ko gidan iskoki. Dala yana da Tsumburbura da Barbushe, Kufena da Kwatarkwashi suna da nasu labaran, kuma a garuruwa da yawa akwai dutsen da ake hana yara kusanta da magariba. Wanda ya ce zai je ya kwana a kan tsauni, tambayar farko da za a yi masa ita ce: me ya kore ka? In ya ce babu, sai a fara duban hankalinsa. Ina ganin tambayar tana da hujja, domin tarihi ne ya koya mana ita. Amma tana da amsa.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Kontagora ba ta kai mita 400 sama da teku ba, Dutsen Zuma da muke taƙama da shi a Jihar Neja, wanda ke jikin takardar naira ɗari, kansa mita 725 ne. Mai son ya san tsawo na gaske sai ya yi tafiya. Duwatsun Shere a Jos sun kai mita 1,829, kuma a can akwai makarantar horar da matasa juriya da shugabanci. A Azbin, ƙasar da Gobirawa ke cewa daga can suka taso, ƙololuwar Bagazam ta kai mita 2,022, da ƙauyukan Buzaye a samanta. Mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, a bakin iyakar Kamaru cikin Jihar Taraba, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, wanda hedikwatarsa ke Serti.

A irin wannan tsawo jiki ne ke fara ba da labari. Duk mita dubu da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi, don haka mutumin Sahon Rami da ya isa kan Gangirwal ya bar digiri goma sha uku a baya, ban da iska, wadda babu bango babu bishiya da za ta tare ta. Sanyin da muke kira jaura a watan Janairu, muna ƙudundune a ɗaki, a can shi ne abincin dare. Iskar shaƙa ta yi siriri, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ya tafi, shi ya sa ƙaton da ke ɗaukar buhun masara a kasuwa zai yi taku ashirin ya tsaya yana haki. Har tukunya ta san an hau: ruwa yana tafasa a wajen digiri 92 maimakon ɗari, sai ka ga yana ta ɓararraka amma wake ya ƙi nuna, mai hankali kuma ya taho da gari da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino, guzurin da kakanninsa suka riga suka gwada. Fulani sun daɗe da gano amfanin wurin. A sama babu tsando, saboda haka babu sammore, ga ciyawa shar, shi ya sa rugage suka hau tsaunukan Gashaka da Mambila, kuma da aka shata gandun aka bar musu wuraren zamansu a ciki.

Masauki a irin waɗannan wurare ba gini ba ne. Ɗan fili ne mai laushi a gefen ƙorama, a bayan wani fā da ke kare iska, da duwatsu uku da hayaƙin waɗanda suka riga ka ya baƙanta. Abin da ke burge ni shi ne yadda tsarin ayari ke dawowa da kansa ba tare da an kira shi ba. Ba a hawa sai da ɗan ƙasa mai nuna hanya, jagaba ke nan ko da ba a ba shi sunan ba. Akwai 'yan dako. Akwai wanda ke yanke cewa a nan za a sauka ko da sauran rana, domin ruwa na gaba yana da nisa. Akwai gaisuwa ga arɗon rugar da aka sauka kusa da ita, ita ce gaisuwar sarkin hanya. Wani ya ɗebo ruwa, wani ya nemo itace, wani ya kafa tanti, kuma wanda ya zauna yana jiran a yi masa ya kunyata kansa, ko shi wane ne a gari. Malamin jami'a da mai sayar da shayi suna miƙa hannu ga wuta ɗaya.

Ƙanƙantar wurin ita ce mutuncinsa. Idon ruwa guda yana da iyakar bakunan da zai shayar, busasshen itace yana da iyakar wutar da zai ciyar, ciyawar tsauni kuma in aka tattake ta tana daɗewa ba ta farfaɗo ba. In aka kai hanyar mota da janareta da lasifika, an samu wurin biki, an rasa zango. Akwai kuma ladabin da ba a rubuta ba, wanda duk makiyayi ya sani: ba a wanki a bakin idon ruwa, ba a barin wuta da rai, ba a sare ɗanyen itace alhali ga busasshe. Zamaninmu ya ƙara ɗaya, wato leda da gorar roba, waɗanda ba sa ruɓewa, saniya kuma in ta haɗiye leda sai wuƙa. Abin da ka hau da shi ka sauko da shi. Wanda zai zo bayanka ba ka san shi ba, ba kuwa zai taɓa gode maka ba, amma da shi ake auna tarbiyyarka.

To me ake samu? Da safe gajimare yana kwance a kwari ƙarƙashin ƙafarka kamar audugar da aka shanya, abin da mutumin fili bai taɓa zaton ido zai gani ba, domin shi a saninsa gajimare abin ɗaga kai ne. Da dare kuma taurari suna dawowa da sunayensu. Kaza da 'ya'yanta, wadda manoma ke duba lokacin shuka da ita, da Zara matar wata, da Gamzaki mai tashin madugu da asuba. Yaran birni sun ji waɗannan sunaye a karin magana da kirari, kaɗan ne za su iya nuna su da yatsa, domin fitila da ƙura da rufin kwano sun shiga tsakani. Amma a ganina babban abin da tsauni ke yi shi ne tankaɗe. Duk abin da za ka buƙata sai ka goya shi ka hau da shi, don haka tun a gindi kake zaɓe tsakanin bargo da ado, tsakanin ruwa da abin marmari. Bayan awa biyar na hawa mutum ya san gaskiyar abin da yake buƙata, kuma lissafin gajere ne ƙwarai. Kalmar guzuri a nan take komawa ma'anarta ta farko, abin da zai kai ka zango na gaba, ba ƙari ba ragi.

Wanda ke ganin wannan baƙon abu ne ga Musulmi ya tuna da daren Muzdalifa. Bayan tsayuwar Arfa, alhazai suna kwana a fili, a kan tsakuwa, babu ɗaki babu gado, sarki da talaka cikin ƙyalle biyu. Ka tambayi duk alhajin da ka sani wane dare ne ya fi tsaya masa a rai, da wuya bai ambaci wannan ba. Kafin nan ma, tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna yakan ɗauki guzuri ya hau dutse zuwa kogon Hira ya kaɗaita darare da dama, tun kafin saukar wahayi. Malamanmu sun san halwa. Ashe tambayar me ya kore ka ba ita kaɗai ce tambaya ba. Akwai wanda ba a kore shi ba, nema ya fita, kuma abin da yake nema hayaniyar gari ba ta barin a ji shi.

Duk wannan da na faɗa, ga mutumin Mashegu na yau, yana iya zama kamar labarin wata duniya, kuma a nan ne zuciyata take ciwo. Ba da daɗewa ba kwanan daji abin yau da kullum ne a ƙasar nan. Da kaka manomi yana kwana a gona yana gadin dami, yara suna gasa masara da doya a bakin wuta. Maharbi yana shiga daji ya yi kwanaki, ya dawo a yi masa barka. Makiyayi yana da mashekarinsa, masunci yana da tungarsa a bakin tafkin Kainji, direban babbar mota yana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa a duk inda dare ya yi masa. In aka ce wa mutum “ya daji?” gaisuwa ce, amsarta “da godiya”. Yanzu ka ce an shiga da wane daji, ka ga yadda fuskar mai sauraro za ta canja. A Fabrairun 2021 aka kwashi ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara. A watan Mayu na shekarar aka kwashi yaran Islamiyya a Tegina, fiye da ɗari, waɗansunsu ba su isa yin wanka da kansu ba, suka yi kusan wata uku suna kwana a ƙasa a hannun 'yan bindiga. A watan Oktoba aka afka wa masu sallar asuba a masallacin Mazakuka, a cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Mashegu. Waɗannan yara na Tegina sun san kwanan fili fiye da duk mai tanti a duniya, kuma babu wanda zai sake ce musu akwai daɗi a cikinsa.

Kalmomin ma an yi garkuwa da su. Sansani, wanda ya fara wanke kansa ya zama na alhazai da na masu yi wa ƙasa hidima a Paiko da na 'yan sikawut, yanzu in ka ji shi a rediyo biyu ne: ko sansanin 'yan bindiga da aka ce an tarwatsa, ko sansanin 'yan gudun hijira da ake neman abinci dominsa. Duwatsun da kakanni suka hau suka tsira sun zama maɓoyar waɗanda ake gudu. Dajin Zugurma, wanda ke cikin Mashegu, ɓangare ne na gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979 don a kiyaye namun daji, baƙi su zo su gani, yaran makaranta su koyi ƙasarsu. Yau masu makamai sun shiga gandun, kuma babu uban da zai sa hannu a kai ɗansa can. Yaron da aka haifa a wannan ƙasa cikin shekara goma da suka wuce ma'ana ɗaya ya sani ga kalmar daji. In ya girma a haka, zai karanta labarin madugu da jagaba kamar yadda yake karanta tatsuniyar Gizo, kuma zai ɗauka cewa kwana a ƙarƙashin taurari al'adar Turawa ce, alhali sunan birnin sarkinsa daga nan ya fito.

Ana lissafa asarar wannan masifa da rayuka da shanu da kuɗin fansa da gonakin da aka bari, kuma daidai ne a fara da su. Amma a ƙara da wannan: an ƙwace wa talaka dare. An mayar da mutanen da suka ratsa Afirka ta Yamma da jaki suna kwana inda suka ga dama, sun zama masu kulle ƙofa tun la'asar sakaliya. Duk jami'in da zai tsaya ya ce tsaro ya dawo Mashegu, a tambaye shi ko manomin Sahon Rami ya koma kwanan gona da kaka. In bai koma ba, maganar ba ta kai ba tukuna.

Ba na ce wa kowa ya ɗauki tabarma ya nufi daji a halin da ake ciki ba. Rai ya fi komai. Amma akwai abin da ke hannunmu. Inda hanya take da aminci, malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa su fitar da yara, ko da dare ɗaya ne a gindin dutsen bayan gari, da sanin hukuma da rakiyar manya, su hura wuta da hannunsu, a nuna musu Kaza da Gamzaki. Inda kuma babu hali, akwai tsofaffi a kowane gari da suka san filin da ayari ke sauka, da rijiyar da fatake ke sha, da dutsen da mutanen farko suka zauna kafin a sauko, kuma kullum raguwa suke yi. Mai karatu, in kana da irin wannan dattijo a gidanku ko unguwarku, ka je ka gaishe shi a makon nan, ka ce “Baba, ina ne zangon garin nan?”, ka rubuta abin da ya gaya maka da sunayen wuraren yadda ya faɗe su, ka ba makarantar garinku kwafi.